Yatsa Ba Ya Buƙatar Tafinta

'Yan kasuwarmu da dama a Mont-Bouët, babbar kasuwar Libreville, suna zaɓen atamfa da shadda ne ta hotunan da ake turo musu daga Kantin Kwari. A waya, mutum ya ware yatsu biyu sai hoto ya matso har ya ga saƙar zare, dabarar da ta yaɗu bayan fitowar iPhone a 2007. A kwamfutar cinya kuwa, sai abin da manhaja ta ga dama.

Preview ta kamfanin Apple tana bin yatsa sumul a faifan shafawa, har juya hoto take yi. Loupe, wadda GNOME ta ɗauka a 2023, ita ma haka. IrfanView, da ta fito tun 1996, ba ta da nauyi ko kaɗan, amma don linzami da madannai aka gina ta, kuma irin waɗannan tsofaffin manhajoji tsalle-tsalle suke zuƙo hoto.

Wasu masu saurarena na ɗaukar wannan ƙyale-ƙyale. Ni ban yarda ba. Kwamfutocin nan garin Faransanci suke ji, alhali dattijon da ya tashi a makarantar allo ajami yake karantawa. Abin da ya rage masa shi ne yatsa. In manhaja ta ƙi jin yatsan, dole ya jira yaron shago, ko ya biya kuɗin dila guda bai ga aibin zanen ba. Kafin ku saya wa Alhaji kwamfuta, ku ba shi ya shafa.