Makullin ɗaki ɗaya aka nema, aka miƙa na gida duka

Ƙanena a Basirka yana koyon aikin gajimare, wato sarrafa manyan kwamfutocin kamfanoni ta intanet, fannin da ke cikin shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023. Kwamfutarsa ta hannu ce, daga Kano aka sayo ta, batirinta ba ya kai awa guda. Windows ya yi mata nauyi, sai ya saka mata Ubuntu, wani nau'in Linux.

Rannan zai bai wa abokin karatunsa izinin leƙa wata ma'ajiya, leƙawa kawai, ban da gogewa. Jagorar wani kamfani ta kawo misalin da umarnin PowerShell, irin wanda masu Windows ke amfani da shi. Ya kwafa ya liƙa, na'ura ta ƙi. Dalilin bai taka kara ya karya ba: PowerShell na karya dogon layi da 'yar alama mai kama da waƙafi a sama, Linux kuwa da sanda mai jingina baya. Jagorar ba ta ce uffan ba. Data na ƙarewa, caji na ƙarewa. Ya shiga shafin ba da izini ya danna wa abokin matsayi mafi girma, na mai gida. "Yaya, ai yanzu ya yi," in ji shi, yana murna.

Gabana ya faɗi. Darasin farko a wannan sana'a shi ne a bai wa kowa iya izinin da aikinsa ke buƙata. Jagorar da ta ɗauka kowa irin kwamfutar marubucinta yake riƙe da ita tana koya wa yaro akasin haka, kuma gobe shi za a damƙa wa bayanan albashi ko na marasa lafiya a Dutse ko Birnin Kudu.

Za a ce ai tun 2016 PowerShell ke aiki a Linux, ga kuma Cloud Shell a burauza. Gaskiya ne, amma wanda bai san akwai su ba ina zai nema? Abin kuma bai tsaya ɓangare ɗaya ba. Wasu jagororin Linux suka sa a gaba, mai Windows ya kwana yana fama da alamomin zance.

Ina son a jera misalan kafaɗa da kafaɗa, a rubuta a saman kowanne inda aka gwada shi, musamman a shafukan ba da izini. Malamanmu su ma su riƙa tambayar ɗalibi abin da ke kan kwamfutarsa kafin su tura masa darasi.

Da dare muka cire wa abokin nasa matsayin mai gida, ta wayata, domin kwamfutar ta riga ta mutu.