digiKam: Manhajar da Ta Share Mini Hawaye

Duk mai sana'ar hoto a Ɗanbatta ya san wannan ciwon. Ka ɗauki amarya ranar kamu, ka juye hotunan a kwamfuta. Ƙawarta ta ce a tura mata ta WhatsApp, yayan ango ya karɓa ta Xender, bayan sati biyu wani ya dawo maka da hoton a filas yana so a wanke masa babba. Kafin ka ankara hoto ɗaya ya haihu ya zama biyar, kowanne da sunansa, kwamfuta ta cika maƙil. Na daɗe ina fama da wannan har Allah Ya haɗa ni da digiKam, kuma wallahi ban taɓa ganin irinta ba!

Abin da ya fara sace zuciyata shi ne kyauta ce. Masu sa kai na ƙungiyar KDE ne ke gina ta tun 2001, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ba kuɗin wata-wata irin na manhajar Lightroom, kuma da zarar ka sauke ta ba ta ƙara neman datarka wajen aikin gano maimaicin hotuna. Ga mu da muke lissafin kowace naira, wannan kaɗai ya isa a yi mata jinjina.

Amma gwanintarta ta fi nan. Lightroom kan gane maimaicin hoto ne ta suna da girman fayil da lokacin ɗauka. To WhatsApp kuwa yana matse hoto, ya sauya masa suna, ya goge bayanan kyamara, sai ya shigo kamar baƙo. Ita digiKam hoton kansa take kallo. Takan yi wa kowanne wata shaida daga launinsa da fasalinsa, kamar yadda dillali a karar Ɗanbatta ranar Lahadi ke gane bijimi ko da an canza masa igiya. Kai za ka faɗa mata iya kamannin da kake nufi, kashi 90 cikin 100 ko 100 cif.

Ranar da na fara gwada ta, sai ga hoton wani dattijo da na ɗauka a bakin dam ɗin Tomas, riƙe da tarunsa. Ta jero mini shi sau shida: na asali mai kaifi har ana ganin furfurar gemunsa, da sauran biyar da suka dusashe a yawon waya. Na bar na asali, na share sauran. Ko sharewar ma da tausayi take yi, a kwandon shararta take ajiye su, in ka yi kuskure ka dawo da abinka. Haka nan in ka sa katin kyamara, tana tuna waɗanda ka riga ka juye, sababbi kawai za ta kwaso maka.

Shawara biyu gare ku, 'yan uwa. Aikin farko na yi wa hotuna shaida yana ɗaukar lokaci, ku bari sai an kawo wuta ko batir ya cika. Sannan hotunan hawan Sallah da aka ɗauka a jere, doki na tafe, kan yi kama sosai alhali ba ɗaya ba ne. Ku duba da idonku kafin ku share.

Masu shagon hoto, malamai da ɗaliban Kwalejin Noma ta Audu Bako masu tara hotunan gonakin gwaji, da duk wanda tarihin gidansu ke cikin kwamfuta, ku nemi digiKam yau ɗin nan. Gani ya kori ji.