Jinjina ga Raccah Rovers ta 1978

Matasan Gusau, Tsafe da Bungudu da ke ihun "Sai Masu Gida" sun san Kano Pillars, amma kaɗan ne suka ji labarin Raccah Rovers, ƙungiyar Kano da ta lashe gasar lig ta Najeriya a 1978. A ganina wannan kofi ya cancanci yabo fiye da wanda ake yi masa. Wani zai ce ai a lokacin ƙwallo ba ta zama sana'a ba, tunda sai a 1990 aka fara gasar ƙwararru. Haka ne, amma a duba waɗanda Raccah ta sha gabansu. Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauko kofin Afirka na zakarun kofuna a 1976, Enugu Rangers ta ɗauko shi a 1977. Wanda ya ture irin waɗannan, ba sa'a ce ta ba shi ba. A shekarar 1978 ɗin kuma Raccah ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele da kansa yana cikin fili sanye da rigar baƙin. Bayan nan sai da Kano ta jira shekara 30 kafin Pillars ta dawo mata da kofin lig a 2008.