Makarantar da Ta Ci Kyauta a Turai, Ta Rushe a Makoko

Duk wanda ya san Legas ta da, ya san Bar Beach, bakin tekun da talaka da mai kuɗi ke haɗuwa shan iska. Yanzu an cike wurin da yashi, an kafa Eko Atlantic, unguwar masu hannu da shuni. Gaɓar ruwan Legas tana zamewa daga hannun jama'a, kuma masu zane da masu tsara gine-gine sun fara mayar da martani da aikin hannunsu.

Aikin da ya fi yin suna shi ne na mai tsara gine-gine Kunle Adeyemi a Makoko, unguwar masunta da aka kafa gidajenta bisa turaku a cikin ruwa. A watan Yulin 2012 hukuma ta rushe wani ɓangaren unguwar bayan wa'adin kwana uku kacal. A 2013 Adeyemi ya kammala makarantar katako mai hawa uku, mai siffar dala, tana yawo bisa gangunan roba kusan 250. Saƙonsa a fili yake: ruwan nan na mazauna cikinsa ne, kuma ana iya rayuwa a kai da mutunci.

Duniya ta yi tafi. A 2016 kwafin makarantar ya ci kyautar Zakin Azurfa a baje kolin birnin Venis na Italiya. Ba a yi wata guda ba, ruwan sama ya kayar da ta asali a Makoko. Allah Ya kiyaye, an riga an kwashe ɗalibai.

A nan gizo ke saƙa. An ci gaba da gina irinta a Beljiyam da Cape Verde, alhali tsakanin 2016 da 2017 an kori mutum sama da 30,000 daga Otodo Gbame, wata unguwar bakin ruwa a Legas. Fasahar ta samu masauki, masuntan sun kwana cikin kwalekwale. Mutanen Kano da suka ga an cike kududdufansu an dasa shaguna sun san wannan ciwo.

Wannan salo yana da amfani, domin ya sa duniya ta san sunan Makoko. Amma aikin da aka yi da sunan masu ruwa, wajibi ne ya zauna a wurinsu, da kuɗin gyaransa a hannunsu, kafin a kai shi baje koli.