Yaƙi Ko Sana'a? Tarke a kan Littafin Chip War na Chris Miller

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi tarken wani littafi da ya yi tashe tun fitowarsa a watan Oktoba na 2022, watau Chip War na Chris Miller, malamin tarihi a Jami'ar Tufts ta Amurka. Littafin ya ba da tarihin ƙwayar silikon, wannan ɗan ɓallin da ke ɗauke da tiransistoci masu ɗimbin yawa, wanda shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar hannu da makaman zamani. Ba za mu bi littafin babi babi ba. Za mu tsaya ne a kan abin da ya faɗa game da na'urorin da ake ƙera ƙwayar da su, domin a nan ne muke ganin ƙarfinsa da rauninsa suka haɗu.

2.0 Abin Yabo

Sana'ar da muke nufi ita ce ɗab'i da haske. Ana shafa wa faifan silikon wani sinadari mai jin haske, sa'an nan a haska masa zanen hanyoyin lantarki bayan an ƙanƙantar da shi, sai zanen ya zauna a kan faifan. Marubucin ya cancanci yabo da bai tsallake wannan fage ba. Ya kawo labarin Jay Lathrop, wanda a shekarun 1950 ya juya madubin duban ƙananan halittu sama ta koma ƙasa, don ya riƙa ƙanƙantar da zane maimakon girmama shi. Ya nuna yadda kamfanin GCA na Amurka ya fito da na'ura mai buga zane mataki mataki a 1978, da yadda Nikon na Japan ya ƙwace masa kasuwa, har aka rufe shi a 1993.

Haka kuma ya yi bayani mai gamsarwa a kan na'urar kamfanin ASML na ƙasar Holan, wadda ke aiki da haske mai zangon nanomita 13.5, alhali wadda ta gabace ta tana aiki da 193. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ana samun wannan haske ta hanyar harbin ɗigon narkakkiyar kuza da hasken leza sau 50,000 a kowace daƙiƙa. Da yake iska da gilashi duk suna shanye irin wannan haske, dole aikin ya gudana a inda aka tsotse iska, kuma a yi amfani da madubai maimakon gilasan da haske ke ratsawa.

3.0 Rauni na Farko: Sunan Yaƙi

Sunan littafin ya ɗora mai karatu a kan tunanin cewa al'amarin fafatawa ce tsakanin ƙasashe, musamman Amurka da Sin. Ba mu musun akwai fafatawar. Tun 2019 gwamnatin Holan ba ta ba da izinin sayar wa Sin wannan na'ura ba, kuma a watan da littafin ya fito Amurka ta tsananta takunkuminta. Amma hujjojin da marubucin ya tara da hannunsa suna ja da sunan da ya raɗa wa littafin.

Mu dubi na'urar ita kanta. Hiroo Kinoshita na kamfanin NTT a Japan ya nuna a 1986 cewa ana iya buga zane da irin wannan haske. A 1997 Intel ya jagoranci wata haɗaka da ɗakunan binciken gwamnatin Amurka don ci gaba da aikin. Madubai daga Zeiss na Jamus suke, leza daga Trumpf, shi ma na Jamus, tushen hasken kuwa daga Cymer na San Diyego, wanda ASML ya saya a 2013. A 2012 Intel da TSMC na Taiwan da Samsung na Koriya ta Kudu, waɗanda abokan takara ne, suka zuba kuɗi a ASML don kada aikin ya tsaya. Sai a 2019 aka soma ƙera kayan kasuwa da na'urar. Shekara talatin da uku ke nan. To, wace ƙasa ce ta ci wannan yaƙi? Abin da muke gani shi ne aikin gayya, da haƙuri irin na mai dafa dutse. Kalmar yaƙi ta dace da rabon na'urar bayan an gama ta, amma ba ta bayyana yadda aka same ta ba.

4.0 Rauni na Biyu: Gajeren Salsala

Littafin ya soma ne daga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a ganinmu nan ne ya yanke wa labarin saiwa. Idan muka bi asalin kamfanonin da suka yi fice a ɗab'i da haske, za mu tarar yawancinsu maƙeran kayan awo da na dube-duben kimiyya ne. Carl Zeiss ya buɗe maƙerarsa a garin Yena a 1846, yana ƙera madubin duban ƙananan halittu. A 1866 ya jawo masani Ernst Abbe, wanda a 1873 ya bayyana cewa ƙanƙantar abin da madubi zai iya rarrabewa ta ta'allaƙa ne da zangon hasken da aka yi amfani da shi. Wannan ƙa'ida ita ce ta tilasta wa masu ƙera ƙwayar silikon neman haske mai gajeren zango, ƙarni guda bayan nan. Nikon ya samo asali a 1917 a matsayin kamfanin gilasan hange. Perkin-Elmer, wanda na'urarsa Micralign ta 1973 ta raba allon zane da faifan silikon, ta haka ta rage ɓarnar da gugar juna ke jawowa, shi ma maƙerin kayan kimiyya ne tun 1937. Sashensa na ɗab'i ya koma hannun kamfanin SVG, shi kuma ASML ya saye shi a 2001.

Wannan silsila ba ado ba ce. Ita ce amsar tambayar da littafin ya fi damuwa da ita, watau me ya sa kuɗi kaɗai ba su isa a kwaikwayi na'urar ba. Iya goge madubi da iya auna shi ba a cikin takardar mallakar ƙirƙira suke ba. Suna hannun ma'aikata ne, ana gadonsu daga ubangida zuwa yaronsa, kamar ƙira ko dukanci. Marubucin ya taɓo haka, amma hankalinsa ya fi karkata ga shugabannin kamfanoni da jami'an gwamnati.

5.0 Kammalawa

Hukuncinmu shi ne littafin ya isa a karanta shi, a kuma sa ɗalibai su karanta, amma da gyara. Abin tsoro shi ne mai tsara manufa ya rufe shi yana zaton ana samun masana'anta da takunkumi ko da sayen inji. Mu malaman jami'a kuwa, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mun saba ɗaukaka mai rubuta maƙala, mu manta da ma'aikacin ɗakin gwaji da ke gyara ma'auni yana daidaita madubi. Tarihin da muka bi ya nuna Abbe bai wadatu da barin maƙerar Zeiss ba, ita ma ba ta wadatu da barinsa ba. Muna roƙon mahalarta wannan taro su duba wane matsayi irin wannan ma'aikaci yake da shi a sassanmu.