Ƙarfe da Bulo a Titin Dohány

Matsalar da magini Ludwig Förster ya tarar a birnin Pest (wanda yau ɓangare ne na Budapest) a 1854, wajen gina majami'ar Yahudawa ta Titin Dohány, tsohuwar matsalar magina ce: yaya za a tara mutum kusan dubu uku a ɗaki guda, kowa ya hangi gaba, kowa ya ji mai jan addu'a? In aka yi ginshiƙan dutse, kaurinsu zai tare wa jama'a gani. Duk maginin da ya taɓa ɗaure bakan gizo a soro ya san cewa faɗin ɗaki yana da iyaka, kuma kayan aikin da ke hannunka ne ke yanka maka iyakar.

Förster, wanda ya zo daga Biyana, ya zaɓi ƙarfen zubi. Ya tsayar da siraran ginshiƙai, ya ɗora musu benayen da mata ke zama, maza kuma suna ƙasa. A nan gwanintarsa ta fi burge ni. Ƙarfen zubi yana jure nauyin da ya danno shi daga sama, amma in aka ja shi ko aka lanƙwasa shi sai ya tsage, don haka dole kowane nauyi ya sauka daidai kan ginshiƙi. Lissafin ya yi daidai. Ginin mai tsawon mita 75 da faɗin mita 27 ya zama fili guda, ido na tafiya kai tsaye zuwa bangon gabas inda ake ajiye naɗaɗɗun littattafan Attaura.

Daga waje kuwa aikin bulo ne ke ɗaukar ido. An jera ja da rawaya layi-layi, adon yana cikin jikin bulon kansa, ga hasumiya biyu masu kusurwa takwas, kowacce da ƙubbarta. Salon ya samo asali ne daga gine-ginen Musulmin Andalus da Arewacin Afirka, shi ya sa baƙo kan ɗauka masallaci ne.

An buɗe majami'ar a 1859, kuma har yau babu majami'ar Yahudawa da ta kai ta girma a Turai. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 ta faɗa cikin unguwar da aka killace Yahudawan Budapest, aka binne mutum fiye da dubu biyu a harabarta. Gyaran da aka fara a 1991 ya ɗauki shekaru, har da sabunta adon zinariyar ƙubbobin da zanen bangon ciki.