Ƙauye a Kan Ruwa: Sharhi a Kan Ginin Cibiyar Brockholes

Manufar wannan maƙala ita ce duba wani gini da aka yi domin koyar da jama'a sha'anin muhalli, a kuma auna ko abin da ginin yake koyarwa da jikinsa ya dace da abin da ake koyarwa a cikinsa. Ginin shi ne cibiyar baƙi ta Brockholes, wadda ke kusa da birnin Preston a arewa maso yammacin Ingila, a gefen kogin Ribble. Ƙungiyar kare namun daji ta gundumar Lancashire ce ta mallaki wurin, Adam Khan kuwa shi ne ya lashe gasar zanen ginin a shekarar 2008, aka buɗe shi a 2011.

Tafkin da cibiyar take kai ba halittacce ba ne. Rami ne da aka bari bayan an gama haƙar yashi da tsakuwa, ruwa ya cika shi, wato dai abin da Bahaushe yake kira kududdufi, sai dai wannan ya fi na bayan gari girma nesa ba kusa ba. Filin duka ya kai eka 250, kuma yana cikin kwarin da kogin yake malalowa in ya yi ambaliya. Matsalar da ta fuskanci mai zanen ke nan: yaya za a kafa azuzuwa da ɗakin taro da wurin cin abinci a inda aka tabbata ruwa zai zo?

Amsar da ya bayar ita ce mafi ƙarfin abin da ke cikin aikin. Maimakon a cike fadama da ƙasa ko a yi wa ruwa katanga, sai aka zuba wani faffaɗan dandamali na kankare mai kogo a cikinsa, wanda yake yawo a kan ruwa kamar yadda gora take ɗauke da masunci. An kafa turakun ƙarfe da suke hana shi tafiya gefe, amma ba su hana shi hawa da sauka ba. In ruwa ya ƙaru sai ginin ya tashi, in ya janye sai ya sauko. Ɗalibin da ya tsallaka gada ya hau dandamalin nan, ya ga tsuntsayen ruwa dab da ƙafarsa, ya riga ya ɗauki darasin farko tun malami bai buɗe baki ba: ana iya zama da ruwa ba tare da an kore shi ba. Haka kuma dogayen rufin ɗakunan suna fitar da iska mai zafi ta sama, an lulluɓe su da faskaren katako, an kuma cusa tsofaffin jaridu da aka sarrafa a cikin bango domin riƙe ɗumi. Duk wannan abin yabo ne.

To amma akwai inda ya kamata a dakata. An sha bayyana cewa siffar cibiyar, wato tarin ɗakuna masu tsinin rufi a kan tsibiri, an aro ta ne daga ƙauyukan Larabawan fadamun kudancin Iraƙi, waɗanda ake kira Ma'adan. Mutanen nan da karan ruwa suke yin komai: da shi da laka suke tayar da tsibirin da suke zaune a kai, da shi suke ɗaure manyan zaurukan baƙinsu. Ƙarfin gininsu ba a siffa yake ba, a sabuntawa yake. Kara yana ruɓewa, a yanko wani a ɗora, yaro yana kallo yana koyo, ta haka sani yake wucewa daga hannu zuwa hannu. Shi ya sa lokacin da gwamnatin Saddam Husaini ta janye ruwan fadamun bayan boren 1991, ba gidaje kaɗai aka rasa ba, har da hanyar gadon wannan sani. A Brockholes an ɗauko kamannin, an bar wannan ɓangare. Dandamalin kankare ba abin da mai ziyara zai iya gyarawa ba ne, ko ma ya ga cikinsa. Aikin injiniyoyi ne, an gama shi sau ɗaya an rufe. Ga shi kuwa sarrafa siminti yana daga cikin masana'antun da suka fi fitar da iskar da ke ɗumama duniya. Ana iya kare zaɓin da cewa kankare zai daɗe, kuma hujja ce mai nauyi, sai dai hujjar tana rushe kwatancen da aka yi da Ma'adan, domin su ba da daɗewar abu ɗaya suka dogara ba.

Abu na biyu ya fi wannan wuyar kaucewa. Cibiyar tana jikin mahaɗa ta 31 ta babbar hanyar M6, kuma shiga kyauta ne, kuɗin ajiye mota ake biya. Da wannan kuɗi, da na hayar ɗakuna domin tarurruka da bukukuwan aure, ake taimaka wa tafiyar da wurin. Ma'ana, wurin da aka gina domin koyar da tattalin muhalli yana samun abin ɗawainiyarsa ne gwargwadon yawan motocin da suka zo. Ba laifin mai zane ba ne, domin ba shi ya zaɓi filin ba, kuma kusancin hanyar ne ya sa yaran birane waɗanda ba su taɓa ganin zalɓe a kan ruwa ba suke iya isowa. Duk da haka, lambar yabo mafi girma ta ma'aunin BREEAM da zanen ya samu ba ta share wannan tambaya ba, tun da yake mai zuwa ganin tsuntsaye yakan wuce ta filin ajiye motoci kafin ya kai bakin gada.